Direba Biyar a Kwamfuta Ɗaya

Mijin yayata bai taɓa gyara ko tocila ba, amma kaf unguwarmu Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ranar da ya dawo daga wani kwas ɗin kwamfuta na kwana uku, wanda ya halarci kwana biyu a ciki. Daga nan ya sayi tabarau marar magani da baƙar jaka mai zif takwas, ya fara kallon mutane ta saman gilashi. Ya taɓa fankar ɗakinsu ta koma juyawa da baya. Ya taɓa wayar Yaya ta koma wani yare da har yau ba mu gano na wace ƙasa ba ne. Amma in yana zuba, sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a ƙera jirgin sama.

Babban burinsa ya zama mashahurin mai koyar da gyaran kwamfuta a bidiyo. Ya ma buɗe shafi, mabiyansa goma sha ɗaya, uku daga ciki shi ne da kansa. A cewarsa abu ɗaya ya rage masa, wato ya samu wata babbar matsala ya warware ta kai tsaye duniya tana kallo, daga nan sai dai a riƙa neman ganinsa da takarda. Tsautsayi kuwa ya miƙo masa kwamfutar Baba.

Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne, shekara talatin da takwas a kan dogo. Da ya ajiye aiki sai ya zauna rubuta tarihin rayuwarsa, da yatsa ɗaya, shekara shida, babi talatin. Yana da wata ɗabi'a da ya kwaso daga wurin aiki. Direban jirgi ba ya wuce sigina sai ya nuna ta da yatsa ya faɗi launinta da ƙarfi, don kada ido ya yaudare shi. To haka Baba yake rubutu. Duk jimlar da ya buga sai ya nuna ta ya karanta da muryar da ta saba gasa da ƙarar inji. Tagar ɗakinsa kuma tana kallon shagon Tela, Mai Aski yana gefe, don haka shekara shida ke nan ana ɗinki ana aski a kan tarihin Baba ba tare da an nemi izinin kowa ba.

Babi ɗaya ne kawai ba a ji ba, na talatin, wanda ya rubuta a kan Mama bayan rasuwarta. Wata takwas ya yi a kansa, ƙofa a rufe, bakinsa gum. Ko ni autarsa da nake kai masa shayi ban taɓa ganin layi ɗaya ba.

Na yi magiya har na gaji a kan ya bar ni in kwafe littafin a filash. Ya ce a'a, littafin da bai fita ba ba ya yawo a aljihun kowa. Ya gama shi, ya yi alkawari da mai ɗab'i ranar Litinin. Ranar Alhamis aka ɗauke wuta yana tsakar kashe kwamfutar. Da ya kunna washegari sai ta buɗe fayau, ba hoton jirgin da ke fuskarta, ba babi ko ɗaya, har da gaishe shi kamar baƙo.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, sanina a kwamfuta bai taka kara ya karya ba, amma na leƙa inda take ajiye foldar masu amfani da ita. Sunan da Baba yake shiga da shi Direba ne. Sai na ga folda biyu, ɗaya Direba, ɗaya Direba.000. Na ce mu kai wa matar nan mai gyaran kwamfuta ta bakin titi. Baba ya ce bare ba zai buɗe masa littafi ba. Yaya kuma, Allah ya yafe mata, ta je gida ta ba mijinta labari.

Ranar Asabar na dawo daga aiki da rana tsaka na tarar da takalma jibge a ƙofar falonmu, har gabana ya faɗi. Ina shiga na ga an ɗauko kwamfutar Baba an jona ta da talabijin. Tela da Mai Aski suna kan doguwar kujera, maƙwabta sun cika ƙasa, mata suna leƙe ta bakin ƙofa. Baba yana kujerarsa ya dafa sanda. Injiniya ya sha kwat a wannan zafin, ya jingina wayarsa da butar shayi tana ɗaukarsa.

"Jama'ar duniya, barkanku da warhaka," in ji shi. Jama'ar duniya a lokacin mutum huɗu ne. "Yau za ku ga aikin da kamfanoni suke kwana bakwai a kansa, ni zan yi shi a minti bakwai. Mai Aski, riƙe wayarka ka riƙa karanto mana yabon masu kallo."

Na ce, "Injiniya, ka fara kwafe komai a wani wuri tukuna."

"Auta, ke da allura aka san ki. Na taɓa zuwa asibitinku na ce ga inda za ki soka?"

Aka yi dariya. Ya juya ga waya ya gyara tabarau. "Matsalar a fili take. Kwamfuta ta ga Direba biyu ta rasa wanda za ta bi. Baba, kai shaida ne, ai ba a sa direba biyu a jirgi ɗaya."

"Biyu ake sawa," in ji Baba. "In ɗaya ya faɗi, ɗaya ya riƙe."

"To, wannan jirgin da ne. Yanzu zamani ya wuce nan."

Ya buɗe wani wuri mai layuka da lambobi cunkus, ya ce wannan ita ce rajistar kwamfuta, kuma ba kowa ke shiga ya fito da rai ba. Ya zaɓi wani dogon layi ya goge, ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa, ya harɗe hannuwa yana murmushi. Ta buɗe, ta gaishe mu, ta ce tana shirya mana komai. Aka leƙa folda. Direba, Direba.000, Direba.001.

"Injiniya, na ga kamar sun zama uku," in ji Tela.

"Da gangan na yi. Sai ka fito da cuta fili kafin ka kashe ta."

Ya koma rajista, ya sake gogewa, ya sake kunnawa. Direba.002.

"Ikon Allah," in ji Mai Aski. "Haihuwa take yi?"

"Ka karanta saƙo kawai, malam."

"To ga wani ya ce a gaishe da unguwarzoma."

Falo ya ɗauka. Injiniya ya cire kwat ya rataye a ƙofa, ya ce zafi ne. Karo na uku sai da ya yi wa kwamfutar magana ƙasa-ƙasa kafin ya kunna, ban ji abin da ya ce mata ba, amma ba ta ji tsoro ba. Direba.003. Direba biyar reras a fuskar talabijin, kamar masu jiran albashi.

"A haka kafin yamma za mu cika tarago," in ji Tela.

Masu kallo kuwa sai ƙaruwa suke. Daga huɗu suka koma arba'in, daga arba'in ɗari biyu, don duk wanda ya gani sai ya tura wa abokinsa. Injiniya ya leƙa lambar, fuskarsa ta washe. Shi a tunaninsa ɗaukaka ce ta iso.

"Kun gani ko? Duniya ta san gwani. Yanzu za mu shiga mataki na biyu, shara. Za mu bar na gaskiya guda ɗaya, sauran duk mu kore su."

"Ya za ka gane na gaskiyar?" na tambaye shi.

"Kwamfuta ce za ta faɗa da bakinta."

Ya goge Direba.000, ta tafi ba gardama. Ya goge ta biyu, ya goge ta uku, yana yi yana hura yatsa kamar mai bindiga a fim. Da ya zo kan Direba.003 sai kwamfuta ta ƙi, ta rubuto cewa ana amfani da wannan foldar. Ya sake dannawa, ta sake ƙi. Injiniya ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, kun ga ilimi? Ta hana a taɓa wannan. Me ya sa? Don ita ce ta gaskiya! Uwa ba ta bari a taɓa ɗanta. Saura wannan tsohuwar, ita ce ta hana littafin Baba fitowa."

Na ce, "Tsohuwar ai ita ce mai sunan Baba ba wutsiya. Buɗe ta mu ga abin da ke ciki mana."

Ya danna a fusace. Kwamfuta ta ce ba shi da izinin shiga a yanzu, amma in yana so ya danna ci gaba. Bai karanta rabin na biyu ba ya rufe.

"Kin gani? A kulle take. Matacciya ce. Dubi nauyinta ma, ta fi sauran sau dubu. Ke da kike asibiti, in kika ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura, wacce ce mai ciwon?"

"In na ga buhu ɗaya ya fi ɗaya nauyi, shi ne mai kaya a ciki."

"Yaya, ki ja wa ƙanwarki kunne, tana ɓata min shiri." Haka yake kiran matarsa in yana so ya ba ni haushi. Yaya ta harare ni, ta ce in bar mutum ya yi aikinsa.

Mai Aski ya ɗaga waya. "Ga wata mai suna Mai Gyara ta rubuto da manyan baƙaƙe. Ta ce, kada ka goge wannan, duk kayan mai ita suna ciki. Ta sake rubutowa. Ta ce don girman Allah ka cire hannunka."

"Hassada," in ji Injiniya. "Ta ga kasuwarta za ta mutu." Ya ɗauki wayarsa ya toshe ta, ya mayar ya jingina da buta. Sannan ya danna gogewa.

Saƙo ya fito. Baba ya ɗaga yatsa ya nuna talabijin, ya karanta da ƙarfi yadda ya saba. "Ana buƙatar izinin mai iko kafin a goge wannan." Ya sauke hannu. "Injiniya, wannan sigina ce mai ruwan ɗorawa. Rage gudu."

"Ni ne mai ikon, Baba." Ya danna.

Wani ya sake fitowa. Baba ya sake nunawa. "Wannan folda ta fi ƙarfin kwandon shara. A goge ta har abada?" Ya gyara zama. "Wannan ja ce. A wurinmu in ka wuce ja, ko ba ka kashe kowa ba, ranar za ka ajiye hula."

"Baba, kwamfuta haka take, tsoro gare ta kamar akuya. In ka biye mata ba abin da za ka yi."

"Ka tabbata littafina ba ya ciki?"

"Baba, in littafinka yana cikin nan, in daina amsa sunan Injiniya. Ga duniya tana ji."

Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na fizge wayar wuta tun a lokacin, ko da Yaya za ta yi shekara ba ta yi min magana. Amma Baba ya yi shiru, kuma a gidanmu in Baba ya yi shiru an gama magana. Injiniya ya kalli waya ya kashe ido ɗaya, ya danna.

Wani koren layi ya fara tafiya a talabijin, ƙarƙashinsa sunaye suna gilmawa. Baba ya ɗaga yatsa.

"Babi na huɗu," ya karanta. "Babi na tara."

"Jera su take yi," in ji Injiniya.

"Babi na sha bakwai. Babi na ashirin da biyu."

Na yi tsalle na tsallake ƙafafun mutane na fizgi maus daga hannunsa. Kafin in kai kan soke aiki, layin ya cika ya ɓace. Abu na ƙarshe da Baba ya karanta shi ne babi na talatin, kuma wannan bai ɗaga murya ba.

Direba ɗaya ya rage, mai wutsiya. Injiniya ya buɗe shi da sauri. Wayam. Ya rufe ya sake buɗewa, wai ko bai farka ba. Ya kashe ya kunna. Ya leƙa kwandon shara, shi ma fes kamar an wanke. Gumi ya karyo masa har tabarau yana zamewa.

"Injiniya, minti bakwai ɗin da saura?" in ji Tela.

"Wannan ai ƙaramin abu ne. Akwai manhajar dawo da abin da aka goge. Yanzun nan."

Ya sauko da wata ya ɗora a kwamfutar, ta cika fuskar da tallan maganin ƙiba. Ya sauko da ta biyu, ta ce ta gano matsala dubu huɗu. Ta uku ta canza launin komai zuwa shuɗi. Yana cikin ɗora ta biyar, Mai Aski yana sanar da cewa masu kallo sun haura dubu, sai aka banko labule. Wata mata ce gajera, da ƙaramin sukudireba a maƙale a aljihun riga, tana haki. Ko kallon kowa ba ta yi ba, ta wuce bayan talabijin ta fizge wayar wutar kwamfutar.

"Ke! Wace ce ke?" in ji Injiniya.

"Wadda ka toshe. A wayar maƙwabcina na ƙarasa kallon ta'asar, da na ga ba za ka daina ba na rufe shago na taho da gudu." Sai a lokacin ta juya ta rusuna. "Baba, ina wuni. A yi haƙuri da shigowar da na yi."

"Lafiya lau, 'yata. Faɗa min gaskiya, ya mutu?"

"Ban sani ba tukuna. Amma bari in faɗi abin da ya faru, tunda ga duniya tana ji." Ta kalli wayar da ke jingine da buta. "Da aka ɗauke wuta, kwamfuta ta kasa gane foldar Baba, sai ta buɗe masa sabuwa ba komai a ciki, ta sa mata lamba a wutsiya. Tsohuwar tana nan lafiyarta ƙalau da duk littafin. Aikin bai wuce a kwafe ta a wani wuri ba, a shiga da wani suna, a nuna wa kwamfuta hanyar tsohuwar, ko a kwaso kayan a zuba a sabuwar. Kafin shayi ya huce an gama. Wadda ta ƙi goguwa kuwa ba don ita ce ta gaskiya ba ne, don a cikinta kake zaune ne. Ka taɓa ɗaga tabarmar da kake kai?"

"Abin da nake shirin bayyanawa ke nan kika katse ni," in ji Injiniya.

"Bayan ka goge ma da sauran dama. Abin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Kai kuma ka kwaso tarkace biyar ka jibga a kai."

"Huɗu da rabi. Ta biyar ba ta gama ba."

Yaya ce ta miƙe. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ɗauki wayar daga jikin buta ta juya ta saitin fuskarsa.

"Faɗa musu sabon sunanka," ta ce. "Kai ka yi alkawari."

Mai Aski, wanda ba a taɓa roƙonsa ya yi magana ba, ya ce masu kallo sun riga sun kawo shawarwari, mafi yawan ƙuri'a kuma Sharau ne ya samu. Yaya ta kashe wayar ta jefa masa a cinya. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa ba ya kallon Baba.

Baba ya bar mai gyara ta tafi da kwamfutar, bare ɗin da ya ce ba zai buɗe masa littafi ba. Litinin ta zo ta wuce, na kira mai ɗab'i na ba shi haƙuri. Kwana huɗu Baba bai karanta komai da ƙarfi ba, ko kwalin magani. Gidan ya yi min faɗi, na riƙa jin haushin kowa, har da kaina.

Ranar Laraba ta dawo da ita. Babi ashirin da biyar sun dawo cif. Biyar sun tafi, tarkacen Injiniya sun kwanta a kansu: na shida, na sha ɗaya, na sha tara, na ashirin da uku, da na talatin. Ta kuma miƙa wa Baba filash guda biyu, ta ce ɗaya a ɗakinsa, ɗaya a jakata. Ya juya su a tafin hannu ya daɗe yana kallo.

"Shekara talatin da takwas ban taɓa fita tasha ni kaɗai ba," ya ce. "Sai ga shi na tuƙa wannan shekara shida ba mataimaki. Rabin laifin nawa ne."

Na so in ce na faɗa maka, amma ba ranar faɗin haka ba ce.

Da yamma Tela ya shigo yana murza hula. Ya ce shi fa ba gulma yake ba, amma babi na sha ɗaya ba shi ne na ranar da saniya ta kwanta a kan dogo ba? Ya share murya ya fara, tiryan-tiryan, har da inda Baba yake cewa waƙafi. Ashe babin nan sau tara Baba ya sake shi, Tela kuma yana ƙarƙashin taga yana ɗinki. Mai Aski ya ce na sha tara nasa ne, na ambaliyar da ta cinye gada, yana ba kwastomomi labarin ma a matsayin abin da ya faru da kawunsa. Na shida ni da Yaya muka haɗa. Na ashirin da uku sai da aka yi gardama, Tela ya ce tarago tara ne, Mai Aski ya ce sha biyu, Baba ya ce bakwai ne kuma duk su rufe masa baki.

Sai ga mutumin ya yi sallama, ba kwat, ba jaka, amma tabarau na nan. Ya durƙusa ya ba da haƙuri, kuma na shaida ya yi shi da gaske. Sai dai hali ba ya barin mai shi. Da ya ga ana harhaɗa babi, sai ya gyara zama ya ce ai shi ma ya san littafin nan ciki da waje, don ya sha gaya wa mutane irinsa ba a taɓa rubutawa ba.

"Madalla," in ji Baba. "Kawo abin da ka riƙe."

Ya ɗaga kai ya kalli silin. "Akwai jirgi a ciki," ya ce.

"Allah ya ƙara basira," in ji Tela.

Baba bai yi dariya ba. Ya nuna masa kujerar gaban kwamfuta. "Zauna. Yatsana ɗaya ya yi shekara shida, ya gaji. Kai kana da goma, kuma na ga suna da saurin danna abu. Su za su faɗa, kai za ka buga. Duk saƙon da ya fito, ka nuna shi da yatsa ka karanta da ƙarfi, ka jira in ce wuce."

Sati biyu aka yi ana wannan. Kullum bayan ya tashi daga aiki sai ya zo ya zauna, Tela yana faɗa, Mai Aski yana gyara wa Tela, Baba yana gyara musu duka. Unguwa ta samu sabon abin saurare, don ta taga kana jin muryar Sharau yana cewa, "A adana canje-canje? Baba, in wuce?" Duk babin da aka gama sai ya kwafe a filash biyu, mutumin da ya tara jama'a don ya kashe masu kama da juna. Shafinsa kuwa ya samu mabiya dubu shida, kullum suna roƙon ya sake wani gyaran.

Babi huɗu suka dawo. Saura na talatin, kuma wannan ba wanda ya taɓa jin ko kalma ɗaya. Ba ya wurin Tela, ba ya wurin Mai Aski, ba ya wurina. Na tambayi mai gyara a ɓoye ko da wani abu da za a iya, ta girgiza kai. Na ce wa Baba ko a fitar da littafin da babi ashirin da tara. Ya ce littafin da ba mahaifiyarku a ciki ai jadawalin jirgi ne kawai.

Ranar Asabar da safe ya kira mu, ni da Yaya da mijinta. Na tashi zan rufe ƙofa da taga kamar yadda yake yi in zai taɓa wannan babin. Ya ce in bar su a buɗe.

"Wancan na rubuta shi ni kaɗai, ya tafi ni kaɗai na san shi," ya ce. "Ba zan iya dawo da shi yadda yake ba. Wata takwas ne, kuma ba ni da wata takwas irin waɗancan. Abin da ya zo shi za a rubuta."

Sharau ya ɗora yatsu a kan madannai. Ya cire tabarau ya ajiye a gefe, karo na farko da na ga idonsa tsirara tun ranar kwas. A waje keken Tela yana ta sururu yadda ya saba.

Baba ya matso kusa da kwamfutar. Sannan ya ɗaga yatsa ya nuna farin shafin, ya yi gyaran murya.

"Rubuta. Shekara talatin da huɗu, duk ranar da zan wuce ta bayan gidanmu, sai in ja ƙaho sau biyu, ita kuma ta ɗaga labulen kicin. Dokar aiki ta hana jan ƙaho a wurin. An ba ni takardar gargaɗi sau uku."

Yaya ta toshe baki da mayafi. Ni ban taɓa sani ba, kuma a gidan nan na girma ina jin ƙahon.

A waje keken ɗinkin ya tsaya.

"Baba," in ji Sharau, "in adana?"

"Adana," in ji Baba. "Sau biyu."